An ce an kawar da shan-inna, to me ya sa har yanzu ake bin gidajenmu da ɗigo?

Alhaji Sani:
Assalamu alaikum. Ina neman izinin manyan wannan zaure in kawo wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Jiya da hantsi masu rigakafi sun sake shigowa layinmu a Tudun Wada, mata biyu rataye da akwatin sanyi, da wani yaro yana bin ƙofofi yana rubutu da alli, ni kuwa na ce wa iyalina kada a fito musu da kowa. Dalilina shi ne, a watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar cewa an raba Afirka da shan-inna, duk mun ji a rediyo. To idan cutar ta tafi, mene ne ake ta ɗiga wa 'ya'yanmu? Idan kuma ba ta tafi ba, don me aka ce mana ta tafi? Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne akwai lauje cikin naɗi, domin maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda shi ne yake kwantar mana da yara kullum, sai mun sa hannu a aljihu, amma wannan ɗigon shi ake biyo mu da shi har ƙofar ɗaki kyauta.

Malam Yakubu:
Wa alaikumus salam. Alhaji, tambayarka tana kan hanya, kuma laifin masu shela ne da ba su ƙarasa bayani ba. Abin da aka ce an kawar a 2020 shi ne ƙwayar cutar ta asali, wadda take yawo da kanta tun kaka da kakanni. Ganinta na ƙarshe a Najeriya shi ne a jihar Borno a 2016, kuma yanzu a Fakistan da Afganistan kaɗai ta rage da gindin zama.

Kafin in zo kan ɗigon, bari in faɗi yadda nake koya wa ɗalibaina aikin rigakafi. A cikin jinin mutum akwai dakarun da Allah ya halitta don tsaron jiki, amma idan baƙuwar cuta ta shigo sukan ɗauki kwanaki kafin su gane ta su haɗa makamin da ya dace da ita, a cikin kwanakin nan kuwa take yin ɓarnarta. Rigakafi kamar a kamo ɓarawo ne a ɗaure, a zaga da shi gaban 'yan sintirin unguwa su ƙare wa fuskarsa kallo, ta yadda ran da ya dawo da ƙarfinsa ba sai an tsaya tambayar ko wane ne ba. Wani rigakafin matacciyar ƙwaya ce, wani ɓangare ne kawai na jikinta, wani kuma rayayyiya ce da aka karya lagonta. Ɗigon shan-inna, wanda Albert Sabin ya haɗa, yana cikin kashi na ukun.

Ga kuma wurin da ba a cika son faɗa ba. Wannan raunanniyar ƙwaya takan zauna a hanjin yaro na 'yan makonni, ta fita ta bayan gida. Idan ta faɗa unguwar da yawancin yara ba su da kariya, ga kwatoci a buɗe, ga ruwan sha ba tsabta, sai ta yi ta tsalle daga wannan yaro zuwa wancan har tsawon shekara ko fiye, a hankali ta rikiɗe ta dawo da ƙarfin shanye ƙafa. Ita ake farauta yanzu a Arewa.

Alhaji Sani:
Madalla, Malam, ka hutar da ni, tunda da bakinka ka faɗa. Ashe maganin ne yake haifar da cutar, sannan a dawo a ce mana maganin ne zai kashe ta. Wannan ai kura ce aka ba ajiyar nama. Idan haka ne, a daina ɗigon gaba ɗaya mana, kowa ya huta.

Malama Hadiza:
Yaya Alhaji, ka yi mini haƙuri in sa baki, domin shekara goma sha tara ke nan ina aikin jinya, kuma rabinsu a ɗakin allurar jarirai na yi su. Ka ɗauki rabin maganar Malam Yakubu ka bar rabi. Ƙwayar da ta rikiɗe ba ta samun wurin zama sai a jikin yaran da ba su da kariya, kuma su take shanyewa. Ƙofar da aka rufe ita ce take ba ta hanya. Abin da ya sa ido ba ya ganin haɗarin shi ne, cikin yara kusan 200 da ƙwayar shan-inna ta shiga jikinsu, ɗaya ne take shanye wa ƙafa, sauran kuwa suna wasansu a tsakar gida suna yaɗa ta ba wanda ya sani.

Batun a daina kuwa, an taɓa gwadawa. A 2003 aka dakatar da ɗigon a Kano, ba a dawo da shi ba sai tsakiyar 2004, bayan an kawo wanda aka yi a Indunusiya. A ɗan wannan tsakanin cutar ta tsallaka iyaka ta koma ƙasashe kusan ashirin da suka riga suka rabu da ita. Maimaitawar da kake ƙorafi a kai ita ma da dalilinta: a wurin da gudawa ta yi wa yara yawa, ɗigo ɗaya ko biyu ba lalle ne ya kama hanji ba, sai an yi ta ƙarawa. Tun 2021 kuma aka fara amfani da sabon ɗigo da aka gyara don ya yi wuyar rikiɗewa, Najeriya ce ma ƙasar farko da ta fara ba da shi. Akwai kuma na allura da muke yi wa jarirai a asibiti, shi matacciyar ƙwaya ce, ba ta da yadda za ta yi ta farfaɗo.

Hajiya Binta:
Malama Hadiza, ni ba na musun iliminki, amma ku ma'aikata ku ne kuke korar mutane. Lokacin da na kai autana allurar mako shida a wani asibitin sha-ka-tafi, tun bakwai na safe muke kan benci har azahar. Da daddare cinyarsa ta kumbura ta yi tauri, jikinsa ya yi zafi rau, ya kwana yana tsala kuka. Washegari na koma a firgice, sai wata ma'aikaciya ta ce mini, ba tare da ta ko ɗaga kai daga littafinta ba, wai ni ce farkon haihuwa a duniya? Ban sake komawa ba, yanzu yana wata goma sha ɗaya. Kuma kada a manta da abin da aka yi wa 'ya'yan mutane a Kano lokacin sanƙarau. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Aminu:
Ina gaida iyayena. Mama Binta ta taɓo wurin da bai kamata a share ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan a kan yara kusan 200 a Kano. Goma sha ɗaya daga cikin yaran da ke cikin gwajin sun rasu, wasu sun nakasa, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin kuma ya ce cutar ce ta kashe su. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A 2011 kuma hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da rigakafin ciwon hanta na bogi a Fakistan wajen neman Usama bin Ladan. Duk wanda ya ce zargin mutanenmu jahilci ne zalla, bai yi musu adalci ba.

Sai dai adalcin yana da gefe biyu. Trovan magani ne da aka ba waɗanda suka riga suka kwanta, ba rigakafi ba ne. Zargin da ya fi yawo a 2003 kuwa, cewa ɗigon yana hana haihuwa, lokaci ya riga ya yanke masa hukunci. Ni kaina an ɗiga mini a shekarun nan, haka ƙannena mata uku, kuma yau a gidanmu ana rasa wurin shimfiɗa tabarma in sun zo da 'ya'yansu ranar salla.

Baba Ɗanladi:
Jikana ne yake rubuta mini wannan. Ku yaran yanzu ba ku san agana ba. Mu mun ga gari ya wayi an killace gida, mun ga amarya da fuska duk zane kamar an yayyafa mata tsakuwa, mun ga waɗanda ta makantar. Wajen 1967 ko bayanta kaɗan masu lamba suka zo ƙauyenmu da wata na'ura mai kama da bindiga, ana taka ta da ƙafa tana harba maganin a dantse. Rabin gari ya gudu cikin dawa, ni ma kawuna ne ya kamo ni ta wuyan riga. Ga tabon nan har yau a hannuna na hagu. A 1980 aka ce agana ta ƙare a duniya, kuma daga nan ba wanda ya sake biyo mu da lambarta. Sani, ɗana, da niyyar cuta ce, me ya hana su ci gaba da waccan?

Malam Liman:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ta fuskar addini maganar ba ta da duhu. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta sauka, sai ya juya da jama'a, da aka ce masa gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Riƙo da sababi kafin cuta ta zo ba ya warware tawakkali. Kuma Alhaji, ni da kai muka yi layi a sansanin alhazai na Mando, aka yi mana allurar sanƙarau da ta shawara, aka ɗiga mana wannan ɗigon a baki muna da furfurarmu, domin Saudiyya ba ta karɓar maniyyaci sai da katin shaida. Ban ji ka ce akwai lauje cikin naɗi a ranar ba.

Amma ina tare da kai a abu guda, kuma ina so ma'aikatan lafiya su ji. Ba daidai ba ne a zo ƙofar mutum sau da yawa da ɗigo, sannan ran da ɗansa yake suma da zazzaɓi ya je asibiti a miƙa masa takarda a ce ya tafi kemis. Wanda bai gan ka ranar kukansa ba, da wuya ya yarda da kyautarka.

Alhaji Sani:
Allah ya gafarta Malam, ka kama ni a Mando, ba ni da ta cewa, sai dai ni babba ne, da ƙafata na je, kuma na san abin da nake nema. Maganar Baba ma ta shige ni. Alluran asibiti ban taɓa hanawa ba, duk 'ya'yana suna da tabon lamba. Amma har yanzu ba a amsa mini ba: me ya sa shan-inna, ba zazzaɓi ba? Sannan wa ya tabbatar mini cewa abin da yarinya ta yini tana yawo da shi cikin ranar Kaduna bai lalace ba?

Malama Hadiza:
Yaya Alhaji, ƙwayar shan-inna ba ta da mazauni sai jikin ɗan Adam, kamar agana, saboda haka idan aka toshe mata yara na ɗan lokaci sai ta mutu har abada, masu ba da kuɗin ma su huta da kashewa. Ba don sun fi ƙaunarmu ba ne, su ma tsoro suke kada ta koma musu. A 1988, da aka ɗaura wannan yaƙi, tana shanye yara kimanin 350,000 duk shekara a ƙasashe 125. Zazzaɓi kuwa sauro ne yake dakonsa, kuma ƙwayarsa tana da wayon sauya kama, shi ya sa aka daɗe ba a samu rigakafinsa ba. Yanzu an samu, an fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a watan Disambar 2024, ko da yake bai kai na ƙyanda ƙarfi ba, dole a haɗa da gidan sauro.

Batun lalacewa kuma, kai da kanka za ka iya dubawa. A jikin kowace 'yar kwalba akwai da'ira, a tsakiyarta akwai ɗan murabba'i mai haske. Zafi yana sa murabba'in ya yi ta duhu, idan launinsa ya kamo na da'irar ko ya fi shi, an zubar da kwalbar ke nan. Ka ce su miƙo maka ka gani kafin su buɗe bakin ɗanka, haƙƙinka ne, wadda ta ƙi kuwa ka sallame ta.

Hajiya Binta, abin da aka yi miki ba daidai ba ne, kuma na san ana yi. Kumburin da zazzaɓin alama ce ta dakarun nan da Malam Yakubu ya ambata sun tashi aiki, sukan lafa cikin kwana biyu, kuma tun kafin ki bar benci ya kamata a gaya miki haka. Amma allurar da kika bari ita ce mai kare shi daga mashaƙo da tarin shiƙa, kuma kin ga yadda mashaƙo ya yi ta ɗaukar yara a Kano a 2023 har ya taɓo mu nan Kaduna. Ta ƙyanda ma, wadda ake yi a wata tara, ta wuce shi.

Alhaji Sani:
To, zan nemi kwalbar in gani idan sun dawo. Ban yi alkawarin buɗe ƙofa ba, sai abin da idona ya nuna mini.

Hajiya Binta:
Malama, yanzu idan na kawo shi, daga farko za a sake masa duka? Kuma katin ma ban san inda na jefa shi ba.

Malama Hadiza:
Ba a komawa farko, Hajiya, daga inda aka tsaya ake ɗorawa, domin jiki bai manta da ta farkon ba. Ki duba katin cikin kayan haihuwarsa, idan bai fito ba ki zo haka nan, ki gaya mana watan da aka yi masa ta farko, za a buɗe masa sabo. Ranar Talata muke yi, ki zo kafin ƙarfe tara, ki taho da ruwan shanki.