Beli kyauta ne, ko kuwa a bango kawai aka rubuta?

Barista: Ni dai ina nan kan bakana: rashin sanin haƙƙi ne ke cutar talaka, doka ta yi nata. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Dokar ACJA ta 2015, wato dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka, ta hana kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, ta hana tsare mutum kan bashi. Kano ma ta yi irin tata a 2019. Beli a ofishin 'yan sanda kuwa ko sisi ba a biya.

Hajiya: Barista, Allah ya ba ka haƙuri, sani bai isa ba. A kama yaro ranar Juma'a da la'asar, kotu sai Litinin. Uwarsa na tsaye bakin kanta da kwanon abinci, ana ce mata mai binciken ya fita. Ba wanda zai ce mata "kawo kuɗin beli". Kuɗin fayil za ta ji, da kuɗin mai. Ta san kyauta ne, amma kwana uku a bayan kanta fa? Dole ta biya.

Malamin kotu: Ku duka kun tsaya a ƙofar gida, ɓarnar tana ciki. 'Yan sanda su kawo tuhumar fashi ko kisa gaban majistare, alhali ba shi da hurumin sauraronta. Abin da zai iya shi ne tura mutum gidan gyaran hali, Kurmawa ko Goron Dutse, a jira shawarar ma'aikatar shari'a. A dokar ACJA umarnin tsarewar kwana 14 ne, a sabunta idan an kawo dalili. Amma in ba a kwafi fayil an aika ba, ko an yi wa mai binciken canjin wurin aiki, shi ke nan, zama bayan zama sai ɗagewa. Shi ya sa masu jiran shari'a suka fi waɗanda aka yanke wa hukunci yawa a gidajen yarinmu, nesa ba kusa ba.

Barista: Wannan gaskiya ne, Malam. Sai dai lauya na iya neman beli a babbar kotu, kuma akwai hukumar tallafin shari'a ga marasa hali.

Hajiya: In an bayar da belin fa? A ce a kawo babban ma'aikacin gwamnati ko mai takardar mallakar fili. Ɗan mai faci ina zai samo shi? Nan 'yan tsayawa na haya ke cin kasuwa a harabar kotu.

Malamin kotu: Akwai gyaran da ba ya cin kuɗi. Sashe na 34 na ACJA ya ɗora wa majistare zagaya ofisoshin 'yan sanda duk wata, ya duba littafin kamu, ya bayar da beli nan take. Barista, a reshenku na ƙungiyar lauyoyi, wa ke bibiyar ko an yi zagayen watan jiya?