Wa zai riƙe majinyaci a sashen farfaɗowa: likitan farfaɗowa ko likitan cututtukan ciki?

Jama'a masu aiki a asibitocin Amurka, ina neman shawara kan rabon likitoci a sashen farfaɗowa (inda ake kwantar da majinyata ana musu atisaye don jikinsu ya dawo aiki) mai gado 24, inda yawanci masu shanyewar ɓarin jiki da karayar ƙugu ke kwance.

Dokar Medicare, shirin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka, ta ce dole likitan farfaɗowa ya ga majinyaci ido da ido aƙalla kwana 3 a mako, ya jagoranci zaman tawagar masu jinya kowane mako, a kammala tsarin jinya cikin kwana 4 na farko, majinyaci kuma ya samu atisaye awa 3 a rana, kwana 5 a mako. Tun Oktoban 2020, daga mako na biyu an yarda babbar nas mai lasisin duba marasa lafiya ta karɓi ɗaya daga ziyarar ukun.

Inda abin ya cije shi ne dare da ƙarshen mako. A wannan sashen likitan farfaɗowa ɗaya ne, shi ke riƙe da kowa, likitan ciki sai an kira shi. Sukari ya hau, ko zazzaɓi ya taso daga ciwon mafitsara ranar Asabar, ba mai yanke hukunci da wuri, sai a mayar da mutum sashen gaggawa, awannin atisaye su zube. A ganina wannan bai dace ba.

In aka ba likitan ciki riƙon majinyaci, wa ke da ta cewa idan umarninsa da na likitan farfaɗowa suka saɓa, misali kan rage maganin hawan jini saboda jiri lokacin atisaye? Kuma gado nawa likita ɗaya ke ɗauka a wurinku?