Addu'ar asambili a makarantar gwamnati: wane sashe ne ya hana?

Dakta:
Jama'a, ga da'awata, wanda yake da ja ya ja. Sashe na 10 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce gwamnatin tarayya ko ta jiha ba za ta ɗauki wani addini ya zama na hukuma ba. Makarantar gwamnati kuwa hukuma ce: gini na gwamnati, albashin hedimasta daga baitulmali. Ranar da ya tsaya gaban yara ya ce a ɗaga hannu a yi Fatiha, ko a rufe ido a yi Addu'ar Ubangiji, gwamnati ce ta yi magana da bakinsa. A cire addu'a daga asambili, taken ƙasa da alƙawari sun wadatar.

Barista:
Dakta, ka ɗora wa sashe na 10 kayan da ba nasa ba. Kalmar "sekula" da ake yawan jifan juna da ita ba ta cikin kundin ko sau ɗaya. Gabatarwarsa ma cewa ta yi ƙasa ɗaya ƙarƙashin Allah. Sashe na 275 ya yarje wa jihar da take so ta kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Dokar majalisa ce ta kafa hukumar alhazai a 2006, ta masu ziyarar Kirista a 2007. Alƙawarin da ka ce ya wadatar, da me yake ƙarewa? Da roƙon taimakon Allah.

Sashen da ya yi magana kan makaranta kai tsaye shi ne 38(2): ba za a tilasta wa mai karatu ya ɗauki darasin addini, ko ya halarci wata ibada, in ba ta addininsa ba ce, ko ba wadda iyayensa suka amince da ita ba. Ka ga ba addu'a aka hana ba, tilas aka hana.

Tsohon Sufeto:
Barista, a takarda haka ne, amma kunun yana cikin yadda ake dama shi. A ina ake kiran suna? A asambili. A ina ake tare 'yan latti da bulala? A asambili. A nan ake sanar da ranar jarrabawa. To yaron da aka ce masa yana iya ƙin zuwa, in ya ƙi ya rasa duk waɗannan, wane zaɓi aka ba shi?

Hanya uku ake bi. Ta farko, addu'ar masu rinjaye kawai, sauran su sunkuyar da kai. Wannan ta taka 38(2) ƙiri-ƙiri. Ta biyu, karɓa-karɓa, Musulmi ya buɗe Kirista ya rufe. Ana ganin adalci ne, alhali maimakon a tilasta wa wasu sai aka tilasta wa kowa. Ta uku ita ce mai lafiya: a raba taron gida biyu. Minti biyar zuwa bakwai na farko kowane rukuni ya keɓe da malami mai addininsa. A kaɗa ƙararrawa, a haɗu a layi ɗaya, a yi taken ƙasa da sanarwa, a nan kuma a kira suna. Inda take lalacewa shi ne in aka bar firifet da bulala yana kora yara zuwa rukuni.

Malamar Sakandare:
Yallaɓai Sufeto, asambili minti goma sha biyar ne, ya wuce. Ciwon yana cikin jadawalin darasi. Ƙa'ida ita ce a sa IRK da CRK, wato darasin addinin Musulunci da na Kirista, a lokaci guda, ajin ya rabu biyu. To in makaranta malamin ɗaya kawai take da shi fa? Yara huɗu ko biyar da suka rage, ko su zauna a bayan aji suna jin darasin da ba nasu ba, ko a tura su gindin bishiya. Ƙarshen zango gurbin makinsu fayau, jimla ta ragu, yaron da ya cancanci na uku ya dawo na goma. Daga nan wani uban zai ce shiga ka rubuta kawai. Ba wanda ya ɗaga bulala, amma an tilasta. Yana faruwa da ɗan Kirista a Arewa, yana faruwa da ɗan Musulmi a Kudu maso Gabas.

Gyaran ba ya cin kuɗi sosai: malami ɗaya ya zagaya makarantu uku na kusa, kowace da ranarta, a kuma raba jimlar yaro da yawan darussan da ya ɗauka, ba na ajin ba. Ku tuna hayaniyar 2017, da aka cusa darussan biyu ƙarƙashin inuwa ɗaya a manhaja, har Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta ce a raba su. An raba suna, malaman dai ba su ƙaru ba.

Dakta:
Duk wannan wahala ai ita ce hujjata, Hajiya. Amurka ta yanke wa kanta tun 1962, Kotun Ƙolinsu ta hana addu'ar da hukuma ta tsara a makarantun gwamnati.

Barista:
Da kundinsu suka yanke, ba da namu ba. Tamu Kotun Ƙolin ta nuna inda ta dosa a shari'ar hijabi ta Legas. Babbar Kotu ta goyi bayan hana ɗalibai sa hijabi a makarantun gwamnati a 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe a 2016, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Yunin 2022, alƙalai biyar cikin bakwai. A lura da kyau: haƙƙin ɗaliba ta bayyana addininta aka kare, ba ikon hedimasta ya ɗora nasa ba. Masu ɗaukar hukuncin nan su ce an ba su lasisin sa kowace yarinya hijabi sun karanta shi a juye.

Sai 38(3), wanda ya ba ƙungiyar addini damar koyar da 'ya'yanta a makarantar da ita kaɗai take ɗaukar nauyinta. Kalmar "kaɗai" ce tushen rikicin hijabi na Ilorin a 2021, har aka rufe makarantu goma. Mishan ne suka kafa su, suna na coci, albashi na gwamnati.

Dakta:
Na karɓi bambancin, ban sauka gaba ɗaya ba. Azumin 2025, Bauchi da Kano da Katsina da Kebbi sun rufe makarantu, ƙungiyar Kiristoci ta ƙasa, CAN, ta yi ƙorafi. Wannan haƙƙin ɗalibi ne ko ikon hukuma?

Malamin IRK:
Allah ya gafarta Dakta, hutun Disamba da na Lahadi daga ina suka samo asali? Ba wanda ya kira su addinin hukuma. Azumin ya faɗo a Maris, zafi ya kankama, aji ɗaya yara sun haura saba'in, ba fanka. Jiha ta matsar da hutunta zuwa inda ya dace da jama'arta, ba ta sa kowa ya yi azumi ba.

Tsohon Sufeto:
Malam, ba ta ce a yi azumi ba, gaskiya ne, shi ya sa da wuya 38(2) ya kama ta. Amma a ƙirga kwanaki. In makonnin zango sun cika, matsar da hutu ne. In ba su cika ba, 'yan aji shida ne a ciki, don WAEC ba ta ɗaga jarrabawarta saboda kalandar wata jiha. Da an buɗe takwas an tashi sha biyu, an ɗage wasanni da aikin gona, da an tsira da darasi biyar a rana. Kuma haɗawa da makarantu masu zaman kansu, ciki har da na coci, nan ne aka ba masu ƙorafi abin riƙewa.

Ɗan Maraɗi:
Ku leƙo nan ku gani. Kundin Nijar na 2010, wanda aka dakatar a 2023, ya rubuta raba addini da hukuma ɓaro-ɓaro, abin da naku bai yi ba. Duk da haka a ƙarƙashinsa shugaban ƙasa da littafin addininsa ya riƙa rantsuwa, kuma akwai makarantun gwamnati masu haɗa Faransanci da Larabci, tun madarasar garin Say ta 1957. Uba ne yake zaɓar layin da zai kai ɗansa.

Malamar Sakandare:
A birni kenan, ɗan'uwa. Ƙauyen da firamare ɗaya ce tal, ita ce ta kowa. Barista, ga tambaya: uban da ba ya son ɗansa ya tsaya a addu'ar asambili, wa zai rubuta wa?

Barista:
Hedimasta da farko, a rubuce, ya ambaci 38(2), ya riƙe kwafi mai hatimi. In an yi shiru, sakataren ilimi na ƙaramar hukuma in firamare ce, ofishin shiyya in sakandare ce. Bayan nan sashe na 46 ya buɗe masa ƙofar Babbar Kotu. Da sunan yaron za a shigar da ƙarar, uban yana tsaya masa.