Neman taimako kan gina manhajar ARM mai ɗauke da libcurl a cikinta

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masana. Ina rubuta manhaja da harshen C a kwamfuta mai processor irin x86_64, amma a ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi 4 mai processor irin ARM za ta yi aiki, shi ya sa nake gina ta da aarch64-linux-gnu-gcc, wato manhajar da ke fassara C zuwa abin da ARM ke iya gudanarwa. So nake libcurl (laburaren aikawa da karɓar bayanai ta intanet) da OpenSSL (laburaren tsare sirrin bayanai) su shige cikin fayil guda tare da manhajar, don kada a girka komai a na'urar.

Ginin yana kammaluwa da -static (zaɓin da ke haɗa komai cikin fayil guda), sai dai akwai gargaɗin cewa getaddrinfo, mai nemo lambar IP daga sunan shafi, zai nemi glibc (babban laburaren C na Linux) irin wadda aka yi ginin da ita. A kan Raspberry Pi ɗin kuwa, manhajar ba ta gane sunan shafi ko ɗaya, alhali lambar IP tana aiki lafiya lau. Shin komawa musl (wani laburaren C a madadin glibc) ne mafita, ko sake gina libcurl tare da c-ares (laburaren nemo lambar IP daga sunan shafi) zai wadatar?