Shure-shuren yara a mota: me zai kare bayan kujera?

Uwar yara biyu: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyayen da suka riga ni ganin irin wannan. Ina da yara biyu, babban shekararsa 4, ƙanwarsa kuma watanta 14. Babban yana zama ne a bayan kujerar direba, kuma tun daga tashinmu har isarmu ƙafafunsa ba sa barin dukan bayan kujerar. Yanzu shatin tafin takalminsa ya fito rau a jikin fatar kujerar, ɗinkin aljihun da ke wajen kuma ya soma warwarewa. Ita ƙaramar kujerarta tana kallon baya, saboda haka majinginar kujerar baya take shura. Na yi faɗa, na yi lallashi, duk a banza. Abin da ya fi damuna ma shi ne ina jin dukan a gadon bayana alhali ina tuƙi, hankalina kuma yana rabuwa biyu.

Baban yara uku: Wa alaikumus salam, Hajiya. Akwai marufin bayan kujera da ake yi musamman saboda wannan. Yana da maɗauri a sama da ake zagayawa a ƙarafunan majinginar kai, da wani a ƙasa. Ki tabbata kin zaɓi mai maɗaurin ƙasa, domin wanda aka rataya ta sama kaɗai yaro zai ture shi gefe da ƙafa tun a rana ta farko. Ki duba faɗinsa da tsawonsa, ya zamana ya sauka har ƙasan kujerar, domin nan ne dunduniya ta fi sauka. Ni na fi son na yadi mai kauri wanda ruwa ba ya ratsawa kuma ake iya wankewa. Na taɓa amfani da na leda mai nuna abin da ke bayanta, zafin cikin mota ya sa ta ƙandare ta tsage kafin shekara ta zagayo.

Mai ɗinkin kujerun mota: Abin da Malam ya faɗa daidai ne, amma zan ƙara abu biyu daga abin da nake gani a wajen aiki. Na farko, ba dukan ƙafar ne yake cinye fatar ba, yashin da ke maƙale a tafin takalmi ne. Duk shuri ɗaya kamar an goga takardar yashi ne a jikin kujerar. Shi ya sa ko an sa marufi dole ne a riƙa cire shi lokaci-lokaci ana kakkaɓe bayansa. An sha kawo mini kujerar da aka rufe wata da watanni, da muka ɗaga marufin muka tarar yashi ya shige tsakani ya goge launin fatar fiye da yadda ƙafar yaro za ta yi.

Na biyu ya fi muhimmanci, kuma ina roƙon kowa ya kula da shi. Motoci da yawa suna da jakar iska a cikin gefen kujerar gaba, ɓangaren da ke kallon ƙofa. Za ki ga ɗan ƙyalle ko tambari a wajen an rubuta SRS ko AIRBAG. Ɗinkin wannan gefen an yi shi ne don ya yage cikin ƙiftawar ido idan an yi karo, jakar ta fito ta tare ƙirjin mai zama. Idan kika ɗaure igiya mai ƙarfi ta zagaye kujerar a kan wannan ɗinkin, ko kika sa wa kujerar cikakkiyar riga da ba a yi ta domin irin wannan kujerar ba, kina iya hana jakar fitowa yadda ya kamata. Kada garin neman gira a rasa ido. Maɗaurin ƙasa ya bi ta can ƙasa inda majingina ta haɗu da mazauni, ko ya maƙale a ƙarƙashin kujerar, nesa da wayoyin da ke wajen. Littafin motar yana da shafi a kan wannan, ki karanta shi kafin ki ɗaura komai.

Uwar yara biyu: Na gode, Malam. Na fita yanzu na duba, kuma lallai akwai tambarin a gefen kujerun gaba duka biyu, ban taɓa lura da shi ba. To shatin da ya riga ya fito fa, da me zan goge shi?

Mai ɗinkin kujerun mota: Idan laka ce, ki bar ta ta bushe tukuna, sannan ki kakkaɓe da buroshi mai laushi ko ki zuƙe da injin ƙura. Goge ɗanyar laka yana ƙara cusa ta cikin yadi. Bayan haka sai tsumma mai laushi da aka jiƙa da ruwa da ɗan sabulu marar kaifi aka matse sosai, ki fara gwadawa a wani lungu da ido ba ya kaiwa. Kada ki kusantar da fetur ko kananzir ko bilic, suna cire launi kuma suna busar da fata har ta tsattsage. Farin soson nan da ake goge bango da shi ma ki bar shi, domin kankara yake yi, zai tafi da shatin tare da sheƙin fatar. Ɗinkin aljihun kuwa a gyara shi yanzu tun yana ƙarami.

Malamar makarantar ƙananan yara: 'Yar'uwa, ni ta wajen yaron zan duba. Yaro mai shekara 4 idan ya zauna a kujerarsa ta mota ƙafafunsa ba sa kai ƙasa, reto suke yi, bakin kujerar kuma yana danne masa ƙarƙashin cinya. Bayan ɗan lokaci ƙafar takan sage, ta soma yi masa kamar ana tsira allura. Ko mu manya, a ɗora mu a kan doguwar kujera babu wurin ɗora ƙafa, ba za mu yi rabin awa ba tare da mun soma neman abin tokarawa ba. Sau da yawa abin da muke ɗauka rashin ji ne, neman matokari ne kawai. Ki sa masa abin ɗora ƙafa a ƙasan motar, mai taushi kuma marar nauyi, kamar naɗaɗɗen bargo ko katifar soso da aka yanka daidai wajen ta yadda za ta matse ba za ta yi yawo ba. Kada ya zama akwati ko katako, domin abu mai tauri da ba a ɗaure ba yana iya tashi idan aka taka birki da ƙarfi. Sannan ki riƙa cire masa takalmi da zarar kin ɗaura masa bel, ki ajiye a wuri ɗaya kullum. Idan kina so ki yi masa magana, ki gaya masa inda ƙafa za ta zauna maimakon "daina" kawai, domin yaro ya fi riƙe abin da aka ce ya yi.

Baban yara uku: Cire takalmi yana aiki a doguwar tafiya, amma a gajeriya da ake sauka sau uku ko huɗu, gaskiya ba kowa zai jure ba. Ni marufin ne ya hutar da ni. Ita ƙaramar kuwa, me zai hana a juya kujerarta ta kalli gaba, tunda akwai tazara tsakaninta da kujerar gaban?

Ma'aikaciyar jinya: Malam, a nan zan saɓa maka, kuma ina roƙon Hajiya kada ta juya ta. Kan jariri yana da nauyi idan aka kwatanta da jikinsa, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba. Kujerar da ke kallon baya tana tallafe kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya idan an yi karo ta gaba. Dokar R129 da ake aiki da ita a Turai ta wajabta kallon baya har wata 15, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuma tun 2018 take ba da shawarar a bar yaro yana kallon baya har sai ya kai iyakar nauyi ko tsawon da kujerarsa ta yarda. Yarinyar nan ko wata 15 ɗin ba ta cika ba. Naɗe ƙafa da take yi ba ya cutar da ita, yara haka suke zama ko a ƙasa. Majinginar da take shura a rufe ta da siririn ƙyalle da aka rataya daga majinginar kai, ya tsaya kafin inda kujerarta ta maƙale.

Akwai kuma shimfiɗar da ake sawa a ƙarƙashin kujerar yaro don kada ta lotsa mazauni. Wasu masu ƙera kujerun yara sun hana ta gaba ɗaya, wasu sun yarda da tasu kaɗai, saboda haka littafin kujerar ne zai raba gardama. Idan an sa, ki kama kujerar a daidai inda bel ko maƙalan ISOFIX (ƙugiyoyin ƙarfen da ke haɗa kujerar yaro da jikin mota) suka riƙe ta, ki girgiza gefe da gefe da gaba da baya. Bai kamata ta motsa fiye da santimita 2.5 ba. In ta wuce haka, a cire shimfiɗar a sake ɗaurawa. Marufi mai aljihuna da yawa ma a kula da shi, kada a cika shi da kwalabe da kayan wasa masu tauri a daidai fuskar yaro.

Baban yara uku: Na karɓi gyara, Malama, na janye maganar juyawa. Namu mun juya su da wuri saboda rashin sani, Allah ne ya tsare.

Uwar yara biyu: Na dawo bayan mako biyu don in gaya muku yadda aka yi. Na sa marufi mai maɗaurin da ke maƙalewa a ƙarƙashin kujera, gefen jakar iskar yana buɗe. Na naɗe tsohon bargo na cusa a ƙasa, na kuma matsar da kujerata gaba da taki ɗaya, tunda har yanzu akwai isasshiyar tazara tsakanina da sitiyari. Dukan bai ƙare ɗungurungum ba, yakan yi idan tafiya ta yi nisa ko barci ya soma kama shi, amma ya ragu ƙwarai. Jiya da kansa ya cire takalminsa ya miƙo mini kafin in tambaya. Ƙaramar tana nan tana kallon baya. Shatin takalmin ɗaya ya fita da sabulu, ɗayan ya riga ya ci fatar. Malam mai ɗinki, irin wannan ana iya mayar masa da launi, ko sai an sauya fallen bayan gaba ɗaya?