Matashin da ya rataye takalmansa da lafiyarsa, butulci ya yi?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai, ina so mu tattauna ta tsakani da Allah. Kun san Alfie Whiteman, ɗaya daga cikin masu tsaron ragar Tottenham? Tun yana ƙaramin yaro ya shiga makarantar horon ƙungiyar, a cikinta ya girma. A watan Mayun 2025 aka rataya masa lambar zinare, ranar da suka doke Manchester United da ci ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe na kofin Europa a Bilbao. Ba a daɗe ba, yana da shekara 26, ya ce shi da ƙwallo sun yi hannun riga, ɗaukar hoto da shirya fim zai koma. Ba likita ne ya hana shi ba. Gola ne fa, waɗanda wasunsu ke kaiwa arba'in suna tsare raga. Ni ra'ayina a fili yake: duk matashin da Allah ya ba baiwa, ya buɗe masa ƙofa, sannan ya juya baya da lafiyarsa, butulci ya yi. A gidan kallona kaɗai akwai yara sun fi ashirin da za su ba da duk abin da suka mallaka don su zauna a wannan bencin na yini ɗaya.

Koci: Wa alaikumus salam Yaya. Kafin mu yanke masa hukunci, mu ƙirga tukuna. Duk shekarun da ya yi a Tottenham, sau ɗaya tak ya buga wa babbar ƙungiyar wasan gasa, a Nuwamban 2020, da aka sako shi ya canji Joe Hart ana dab da tashi a wasansu da Ludogorets. Wasannin da ya samu na gaske, sai da aka ba da shi aro ga Degerfors a Suwidin. Kullum ka yi sammako, ka yi atisaye, ka zube ƙasa sau ɗari, ranar wasa kuma ka sa kaya ka zauna kana kallo kamar mu. Mu muna ganin lambar zinaren, shi ya san shekarun da ya biya kafin a rataya masa ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Baban Ummi: To ai sai ya sauka ƙaramar ƙungiya ya riƙa bugawa. Barin Tottenham daban, barin ƙwallo gaba ɗaya daban.

Na Hamburg: Baban Ummi, bari in kawo maka wanda ba ɗan benci ba. André Schürrle. Shi ya bugo wa Mario Götze ƙwallon da Jamus ta ci Ajantina da ita a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2014, shi ya zura biyu a ragar Brazil ranar da Jamus ta ci su 7-1, ya kuma buga wa Chelsea. A Yulin 2020, yana da shekara 29, da sauran shekara guda a kwantiraginsa da Dortmund, suka raba gari, ya ce ya gama. Abin da ya gaya wa 'yan jarida shi ne kaɗaici ya yi masa yawa, ranakun ƙunci suna ƙara zurfi, na farin ciki suna ƙara ƙaranci, kuma a sana'ar nan ba a yarda ka nuna kana da rauni ko na minti ɗaya. Mutumin da ya ɗaga Kofin Duniya da hannunsa ke faɗin haka.

Baban Ummi: Wannan ai maganar ƙoshi ce. Ya tara abin da jikokinsa ba za su cinye ba, dole ya ce ya gaji. Da gidan haya yake da ƙanne bakwai a wuyansa, da bai ji kaɗaicin ba.

Maman Hanif: A nan kam ban yarda da kai ba, Baban Ummi. Aikin jinya nake yi, kuma wallahi ciwon damuwa ba ya tambayar abin da ke aljihunka. Yana kama mai kuɗi, yana kama talaka. Bambancin kawai, mai kuɗi yana iya tsayawa ya nemi magani, talaka kuwa sai ya ci gaba da ja har ya faɗi. Ina ganin samari majiya ƙarfi da ake kawo mana, sun yi kwana da kwanaki ba barci, ba cin abinci, a gida kuma an gama cewa lalaci ne ko iska ce. Idan ɗanmu bai ce yana jin ƙunci ba, ba wai ba ya ji ba ne, bai ga wanda zai saurare shi ba ne.

Kuma mu tuna abin da mu kanmu muka yi. Sani Kaita ɗan Kano ne, namu ne. A Kofin Duniya na 2010 aka ba shi jan kati a wasan Girka muna gaba da ci ɗaya, aka zo aka cinye mu 2-1. Yaro mai shekara 24 ya yi kuskure na daƙiƙa ɗaya, sai ga saƙonnin barazanar kisa suna zubo masa. Da a ranar ya ce ya bar ƙwallo har abada, wa zai iya buɗe baki ya kira shi butulu?

Na Hamburg: Maman Hanif ta taɓo inda yake. A nan Jamus akwai sunaye biyu da ba a mantawa. Sebastian Deisler na Bayern Munich, wanda aka ɗora wa burin ƙasa gaba ɗaya tun yana saurayi, ya sha tiyatar gwiwa, ya kwanta asibiti saboda ciwon damuwa, a Janairun 2007 ya ajiye yana da shekara 27. Robert Enke kuma, golan Hannover da tawagar ƙasa, ya ɓoye nasa ciwon don tsoron abin da zai rasa in aka sani, ya ci gaba da tsare raga, a Nuwamban 2009 ya hallaka kansa yana da shekara 32. Deisler yana nan da ransa. Tun daga rasuwar Enke mutanen nan suka rage saurin zagin ɗan wasan da ya ce ba zai iya ba.

Malam: Bismillah. Ina so mu yi hattara da kalmar butulci, don kalma ce mai nauyi. Butulce wa ni'ima shi ne ka musanta wanda ya ba ka, ko ka yi amfani da ita wajen saɓa masa. Ban san inda aka ce wanda ya iya sana'a dole ya mutu a cikinta ba. Ɗan maƙeri yana komawa fatauci, ba a ce ya yi laifi ba. Kuma hadisi ya tabbata cewa jikinka yana da haƙƙi a kanka. Amma Baban Ummi yana da gaskiya ta wani ɓangare, kada mu danne ta. A wurinmu yaro ba shi kaɗai yake kai kansa fili ba. Akwai wanda ya sayi takalmin, akwai wanda ya biya kuɗin mota, akwai uwar da ta yi ta addu'a. Waɗannan suna da haƙƙin a zauna da su, a yi shawara, a yi istihara, ba a wayi gari kawai su ji a bakin mutane ba.

Baban Ummi: Allah gafarta Malam, ka faɗi abin da ke cina. Ku dubi Ahmed Musa. Daga Jos ya taso, ya zo Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya, a 2010 ya tafi VVV-Venlo a Holan, daga nan CSKA Moscow, daga nan Leicester. A Kofin Duniya ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Iceland biyu a 2018. Yau mutum nawa ke cin abinci ta dalilinsa? Shi bai sha wuya ba ne? Da ya ce ya gaji tun yana hawa motar haya zuwa atisaye, da duk wannan alherin bai zo ba. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Koci: Yaya, Allah ya ƙara wa Ahmed Musa ɗaukaka, amma ka faɗa mini sunan mutum uku cikin waɗanda suka fara tare da shi a Jos. Su ma sun yi haƙurin. Bari in ba ku nawa labarin, don ban taɓa ba da shi duka ba.

Na buga wa wata ƙungiya a rukuni na biyu na gasar ƙasar nan, lamba shida nake bugawa. Kakata ta ƙarshe, wata bakwai ba a ba mu albashi ba. Kuɗin sa hannu kuwa, rabi aka ba mu aka ce sauran yana tafe, har yau yana tafe. In za mu wasan waje, mu kwana a mota, mu isa da asuba ƙafa a kumbure, da la'asar mu shiga fili. Akwai garin da aka sauke mu a ajin makarantar firamare, muka jera katifu a ƙasa, sauro ya hana mu runtsawa. Abokin ɗakina jijiyar gwiwarsa ta tsinke a gabana, na ji ƙarar da kunnena. Aka ba shi kuɗin mota aka ce ya je gida ya yi ɗori, ba wanda ya sake kiran wayarsa. A lokacin mahaifina yana kwance, ƙanwata ce mai sayar da awara take sayen maganinsa, ni kuma da ake kira ɗan ƙwallo a unguwa ko kuɗin allura ɗaya ban iya turawa.

Ina da shekara 25, ƙafata lafiya lau, na naɗe takalmana a leda na dawo gida. Da na gaya wa Inna, ba ta ce komai ba, ta tashi ta zubo mini tuwo, ta zauna tana kallona har na cinye. A waje kuwa an yi shekara ana nuna ni, ana cewa ga wanda ya kasa. Na shiga koyon haɗa sola a wurin yaron da na girme shi da shekara huɗu. Da wannan aikin na yi wa mahaifina jinya har Allah ya karɓi abinsa, da shi na yi aure. Takalman suna nan a kan durowa cikin ledarsu. Wani lokaci in na ga wasa mai kyau sai ƙirjina ya yi nauyi, ba zan ɓoye ba. Amma da na ƙara shekara biyar ina jiran Turai, da na dawo a talatin ba sana'a, ba takarda, kuma da ban samu na zauna a gefen gadon mahaifina ba.

Maman Hanif: Allah ya jiƙan Baba, Koci. Allah ya saka maka da alheri.

Auta: Yaya, tun ɗazu nake karantawa ina shiru. Na san ba don Whiteman ka ɗauko maganar nan ba, don ni ne. Tunda a gaban manya ka kawo ta, ka yi mini izini in amsa a gabansu. Ban manta ba, filinka ka sayar ka biya mutumin da ya ce zai kai ni gwaji waje, ya tafi da kuɗin da fasfo ɗina. Ban manta takalmin da ka saya mini ranar da Ummi take asibiti ba. Shi ya sa na kasa kallon idonka in faɗa maka. Wata biyar ke nan ba a biya mu ba. Idon sawuna na dama sai na sha maganin kashe zafi nake iya gudu a kansa, kuma yanzu guda biyu ba sa yi mini. Na samu gurbin karatun lantarki a kwalejin kimiyya da fasaha, rajista za a rufe ƙarshen wata. Shekarata 21. Ina son ƙwallo kamar raina, amma tsoro nake ji, Yaya.

Maman Hanif: Auta, maganin nan ka dakata da shi haka, yana cin ƙoda da ciki. Ka zo a ɗauki hoton ƙafar kafin ka sake taka ƙwallo, ko me kuka yanke.

Na Hamburg: Kuma ka sani, a dokar FIFA, in ƙungiya ta riƙe wa ɗan wasa albashin wata biyu, yana da damar ba ta wa'adin kwana 15 a rubuce, in ba ta biya ba ya soke kwantiragin, kuma bashinsa yana nan a kanta. Kada ka tafi haka kawai su ce kai ka gudu.

Baban Ummi: Ban san maganar ƙafar ba. Wallahi ban sani ba. Me ya sa ba ka gaya mini ba, Auta? Filin da na sayar ba bashi ba ne, ban taɓa rubuta shi a kanka ba. Abin da nake gani shi ne ranar da ka ci ƙwallo biyu a wasan unguwanni, dattawan layinmu suna ɗaga ka sama, na ce a raina gidanmu ma Allah ya ba mu namu. Wannan ne na kasa saki.

Maganar Whiteman har yanzu ban sauka daga ra'ayina ba, ina ganin da ya ƙara ko shekara biyu a wata ƙungiyar ya ga iyakar baiwarsa. Amma kai ba shi ba ne. Ka zo gida bayan sallar isha'i, mu zauna gaban Hajiya. Malam, don Allah in da hali ka zo. Koci, kai ma.

Malam: In sha Allahu ina tafe.

Koci: Zan zo da zarar na sallami yara daga fili. Auta, ka taho da takardar makarantar, da kwantiragin, da duk wata takarda da ka taɓa sa wa hannu a ƙungiyar, har da ta kuɗin sa hannu.