Wace kwamfuresa zan ɗora a bayan mota don gyaran kan hanya?

Mai_Sifana:
Salam 'yan uwa. Ni dai da kaina nake gyaran motata tun tuni, birki ne, shokozoba ne, fulogi, juyen baƙin mai, to yanzu abokai sun fara kirana in mota ta tsaya musu a hanya, shi ne nake so in sayi kwamfuresa in riƙa yawo da ita a bayan 'yar bas ɗina. Aikin da zata yi bindigar kwance noti ce ta rabin inci, sai ba taya iska da hure ƙura. Na ga wata mai tankin lita 24 an rubuta 8 bar a jiki, wato ƙarfin matsin iskarta, mai kayan yace ta isa har da saura. Wai ta isa ɗin kuwa? Sannan wuta fa, janareta zan haɗa ko infata daga batirin mota?

BabanGareji:
Wa'alaikassalam. Malam rabu da 8 bar ɗin nan, kusan kowace ƙaramar kwamfuresa tana kaiwa nan. Abin da zaka duba shi ne yawan iskar da take fitarwa a minti ɗaya, wato CFM, kuma a kan matsin iska na 90 PSI, kusan 6.2 bar kenan, don a nan bindiga take aiki. Ta rabin inci tana cin CFM 4 zuwa 5, kusan lita 115 zuwa 140 a minti, in ka danne kunamar baka saki ba ma ta fi haka ci. Matsalar kuma lambar da suke bugawa da manyan baƙi a kwali yawanci iskar da injin ke zuƙa ce ba wadda take fita a tiyo ba, ka nemi inda aka rubuta FAD, ita ce ta gaskiya kuma kullum ta fi ƙanƙanta. Da lita 24 zaka kwance noti biyu uku masu taurin kai sai ka tsaya jiranta ta cika, mai mota na tsaye yana kallonka. In da hali ɗau lita 50, kuma tiyo ya zama 3/8 ba siririn 1/4 ba, siririn shaƙe bindigar yake.

Wayarin12V:
Maganar infata ka manta da ita kawai oga. Motar wutar kwamfuresa mai ƙarfin doki 2 wajen wat 1500 take ja, a 12V amfiya sama da 120 kenan daga batir, kuma lokacin tashi tana fizgar ninki uku ko fiye. Janareta ma in ƙarami ne zaka ji ya yi nishi ya mutu. In ka zaɓi janareta to ka ƙara tsawon tiyo maimakon jan doguwar siririyar waya, wutar na raguwa a hanya kwayil ya yi zafi. Akwai masu injin fetur a jiki, sun fi dacewa da daji amma nauyi da ƙara, kuma don Allah kar a taɓa tayar da su cikin bas a rufe, hayaƙin nan kisa yake.

Kanawa_ba_ruwanka:
ni fa ban ga dalilin duk wannan wahalar ba wlh. bindigar batir ta 18V yanzu tana kwance notin taya ba gardama, ka haɗa da ƙaramar famfon 12V irin mai kama kan batir kai tsaye ba mai shiga soket ɗin sigari ba, shikenan ka gama, ba janareta ba tanki. kawai ka riƙa barinta ta huce don ba'a yi ta don dogon gudu ba. kwamfuresa babba sai in fenti zaka fesa, shi kuma lita 50 ɗin ma da kyar

Mai_Sifana:
Kai wannan ta batir ta shiga raina gaskiya. Amma hure ƙura da tayar da bakin taya tubles in ya sauka daga rim fa? Shi ne ya sa nake son tanki.

BabanGareji:
Eh to a nan kam tanki ya fi, ƙaramar 12V ba ta turo iska da yawa lokaci guda. In ka saya ka ɗaure ta da bel a tsaye, mai baƙin mai in ta kwanta man zai bi ya shiga inda bai kamata ba. Kullum bayan aiki buɗe ɗan famfon ƙasan tankin ruwa ya fita, in ba haka ba tsatsa daga ciki take cinsa. Kuma ko wacce bindiga ka ɗauka, ɗaurin ƙarshe na notin taya da sifanar awo za'a yi, ka duba littafin motar don adadin.